Belbelar Maccido Mai Fanka

Maccido mai gyaran fanka yana da rumfa a bakin kasuwar Talata Mafara, kusa da ta Isa mai faci. Mutumin Morai ne. Mahaifinsa malami ne mai karantarwa a zaure, kuma Maccido ya sauke Alƙur'ani kamar yadda gidan yake so, sai dai hannunsa bai taɓa ƙyale abin da ke da waya a ciki ba. Yana shekara goma sha biyu ya ga wani ƙaramin jirgi ya yo ƙasa-ƙasa kan gonakin shinkafa yana yi wa tsuntsayen jan-baki feshi. Mutane suka watse, shi kuwa ya tsaya har jirgin ya ɓace. Sai da ya kai shekara talatin da takwas, da matarsa Hauwa'u da 'ya'ya huɗu, sannan ya fara ƙera nasa.

Da farin soson da ke zuwa cikin kwalin firij yake yi. Jirage bakwai ya ɓata kafin ɗaya ya zauna a sama. Na farko ko ƙofa bai fita ba, sufa-gulu ya cinye soson a kan tebur, daga nan ya koma gam ɗin kafintoci. Na uku ya yi ta ƙara amma ya ƙi ja, ashe farfelar ya ɗaura a baibai, rubutun jikinta yana kallon baya. Na biyar ya tashi lafiya, Maccido ya karkata rimot dama, jirgin ya yi hagu ya shige cikin itacen kargo. Tun ranar ba ya sakin jirgi sai ya gwada wutsiyar a ƙasa ya ga ta bi hannunsa. Ya koyi jefa shi yana fuskantar iska, da safe kafin ta yi ƙarfi. Ya kuma koyi cewa batir idan ya sha rana kumbura yake yi.

Abin da ya fi ba shi wahala shi ne ma'aunin nauyi. Sai ya ɗora jirgin a kan yatsu biyu ƙarƙashin fukafukan, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gaba, ya duba. Idan hancin ya ɗan sunkuya, jirgi zai tafi. Idan wutsiya ta rinjaya, ba ya yin nisa. Batir ne mafi nauyi a ciki, matsar da shi da faɗin yatsu biyu kawai yana sauya komai. A jirgi na takwas ya gano gurbin, ya ja layi da jan biro. Jirgin fari ne tas, ya sa masa suna Belbela, ya rubuta nasa sunan, Maccido, a ƙarƙashin fiffiken dama.

A lokacin ne Rilwanu ya fara zuwa. Malamin kimiyya ne a wata makarantar kuɗi a Bakura, mai fara'a da iya magana. Kowace Asabar yana zuwa a babur su fita bayan gari. Maccido ne ke sa batir, ya ɗaure fukafukai da robar tayar keke, ya jefa jirgin, sai ya daidaita a sama sannan ya miƙa wa Rilwanu rimot. Cikin wata uku Rilwanu ya iya kewayawa da saukarwa.

Wata rana ya ce, “Malam Maccido, ka ara mani Belbela in nuna ma ɗalibai ranar bikin makaranta. Kwana biyu ta dawo.”

Maccido ya shirya masa ita, ya manne batir ɗin a gurbinsa da salatif, ya ba shi.

Bayan kwana huɗu Isa mai faci ya leƙo rumfar da wayarsa a hannu, fuskarsa ba daɗi. Bidiyo ne, ya riga ya zagaya ko'ina. Ga Belbela tana shawagi a kan filin makaranta, ga Rilwanu cikin babbar riga yana bayanin cewa shekara uku ya yi yana bincike kafin ya ƙera ta. An shafe ƙarƙashin fiffiken da koren fenti. Mai ɗaukar bidiyon ya ce an ce akwai wani mai fanka a Mafara da ke da hannu a aikin. Rilwanu ya yi dariya.

“Wanga? Waya yaka liƙe mani da dalma. Bayan ita bai san komi ba.”

Sau uku Maccido ya kalla, ya mayar wa Isa wayarsa, ya ci gaba da kwance fankar da ke gabansa. Da ya koma gida Hauwa'u ta ce ya je ya samu yayan Rilwanu, ko ya kai magana wurin manya.

“Ba ni kai ƙara,” in ji shi. “Soso ne. Wata rana sai ya karye, kuma duk ƙasarga ba mai gyara shi sai ni.”

Wata biyar ya jira. A kasuwa wasu suka fara kiransa mai liƙe waya, da wasa, shi ma yana yi musu murmushi. Ya sa Isa ya tura masa bidiyon, kowace safiya sai ya kalle shi kafin ya buɗe rumfa. Bai ƙera wani jirgi ba, bai kuma kira Rilwanu ko sau ɗaya ba.

Ran wata Talata, kasuwa ta cika, sai ga Rilwanu da Belbela a cikin buhu, fiffike ɗaya a karye. Ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi gida da yara da mutanen Morai ɗaya bayan ɗaya, bai ambaci bidiyo ba. Ya ce ƙungiyar matasan Maradun ta gayyace shi ya tayar da jirgin a taronta na shekara, ranar Lahadi mai zuwa, kuma zai je da ɗalibansa.

“Ba komi, Malam,” in ji Maccido. “Ka dawo Jumu'a.”

Bai taɓa yin gyara mai kyau irin wannan ba. Ya cusa tsinken gora cikin fiffiken, ya sake farfela, ya fita da safe shi kaɗai ya gwada, jirgin ya tafi sumul. Da ya dawo sai ya ɓanɓare salatif ɗin, ya ciro batir, ya kankare jan layin da reza har babu alamarsa. Ranar Juma'a ya miƙa wa Rilwanu batir ɗin a leda daban, ya ce kada ya yi zafi a hanya. Ya riga ya yi wa kansa alkawari: idan Rilwanu ya tambaye shi a gaban Isa inda ake sa batir, zai faɗa masa. Rilwanu ya dubi ledar, ya dubi Isa, ya yi godiya ya hau babur.

Ranar Lahadi Maccido ya shiga motar farko zuwa Maradun. Ya duba filin, ya ga iska daga ɓangaren gonaki take zuwa, ke nan jirgin can zai nufa, ba kan jama'a ba. Ya samu wuri a baya ya tsaya. Yana kallo Rilwanu ya tura batir ɗin can ciki wajen wutsiya, inda ya fi shiga da sauƙi.

Aka jefa Belbela. Ta ɗaga hanci ta miƙe tsaye kamar akuya mai neman ganye, ta yi jim, ta juyo ta faɗi. Rilwanu ya ce iska ce. A karo na biyu ta yi haka. A na uku hancin ya tsage, filin ya ɗauki dariya, har da ɗalibansa.

Maccido ya ratsa mutane ya je gaban shugaban ƙungiyar, Alhaji Gidaɗo, ya gaishe shi a tsanake, ya roƙi lasifika.

“Ni ne mai liƙe waya na Mafara. Tambaya guda gare ni. Malam Rilwanu, kai da ka shekara uku kana bincike, gaya ma jama'a, ina batir yaka zama?”

Rilwanu ya dubi jirgin, ya dubi ɗalibansa.

Maccido ya ɗauki jirgin ya naɗe hancin da salatif. Ya jawo batir gaba, ya ɗora jirgin a kan yatsunsa, ya sake matsarwa kaɗan har hancin ya sunkuya, yana yi yana bayani da ƙarfi don na baya su ji. Ya sa farce ya kankare koren fentin, ya nuna wa Alhaji Gidaɗo rubutun da ke ƙasa. Sannan ya karɓi rimot, ya jefa Belbela. Minti goma tana sama, ya sauke ta a gaban takalman Rilwanu.

Wannan bidiyon ya fi na farko yawo. Ƙarshen zangon karatu Rilwanu ya bar makarantar ya koma Gusau. Hauwa'u ta ce wa mijinta abin ya yi yawa, a gaban ɗalibai.

“Ai su ne na jira su gani,” ya ce.

Yayan Rilwanu, Malam Ahmad, ya zo har rumfa neman sulhu. Maccido ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo shayi, ya saurare shi har ƙarshe, ya ce zai duba. Bara sun haɗu da Rilwanu a wata jana'iza a Bakura, sahu ɗaya suka tsaya. Bayan an idar Rilwanu ya miƙo hannu, Maccido ya ba shi kan yatsu ya wuce.

Yanzu duk ranar Alhamis yana zuwa Maradun koyar da ƙirar jirgi, mutum tara ne a ajin, har da wani mahauci da wani direban tifa. A rumfa kuma yana fama da wani babba mai inji biyu. Yana tashi, amma kullum hagu yake ja, kuma har makon jiya bai gano dalili ba.