Wurin da Mama Ta Ƙi Nunawa

Gari bai gama wayewa ba muka bar Kaduna, ni da Mama da matata, a motar haya ta Kafanchan. Man shafawa muka fita nema. Mama ta daɗe tana kukan ciwon baya, har ta daina zuwa coci, ita da ba ta fashin zumuntar mata. Ba man zafin da ban saya a kemis ba. Jikoki su murza mata tsakiyar baya har hannu ya gaji, shiru. Sai ƙanwarta ta aiko daga Manchok cewa akwai wata tsohuwa mai haɗa citta da man kaɗanya.

Direbanmu mai tsoron Allah ne, amma ba ya tsoron rami. Tun kafin Kachia na lura Mama ta zauna a karkace, ta riƙe kujerar gaba, ido a rufe. Na ɗauka addu'a take yi.

A Kafanchan muka sha faten acca mai zafi, Mama a tsaye ta sha nata. Na taya citta a bakin tasha, na ji kuɗin, na ajiye musu abarsu. Daga nan muka bi ta gindin duwatsun Kagoro, ko'ina kore shar, har Manchok.

Tsohuwar ta ce a nuna mata inda ke ciwo. Mama ta dube ni, ta dafa tsakiyar bayanta. Har an buɗe gwangwanin mai, sai ƙanwar Mama, wadda ta rako mu, ta daka mini tsawa: "Kai, fita waje! Maganan mata ne."

A gindin mangwaro matata ta same ni, ta ba ni labari. Ashe ciwon can ƙarshen ƙashin baya yake, ɗan ƙashin da ake zama a kai, tun ranar da Mama ta zame a bakin rijiya. Benci ne ya raba ta da coci. Da na fita Mama ta ce musu: "Ɗa namiji, ɗan fari kuma, ina zan nuna masa wannan wuri?" Tausayinta ya kama ni, na tuna ramukan da na kawo ta a kansu.

Tsohuwar ba ta cika baki ba. Ta ce man yana ɗumama wurin ya lafa, amma ba ya gyara ƙashi, a shafa kaɗan, a kuma je asibiti a ɗauki hoto. Ta naɗe zane kamar gammo ta ce a kansa za a riƙa zama.

A dawowa Mama ta yi barci tun daga Zonkwa. Tafiyar ta koya mini cewa kafin a nemo magani, a nemo wanda mara lafiya ba zai ji kunyarsa ba. Yanzu matata ce mai shafawa, ita za ta raka ta asibiti. Ran Lahadi Mama ta riga kowa shiryawa, ta zauna a coci a kan gammonta har aka yi addu'ar rufewa.