Malamar da Ta Sa Aka Kwance wa Yayana Hannu

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Da hantsin Laraba, tara ga watan Yuli, aka kira ni aka ce Malamar kurame ta cika, bayan jinyar mako biyu.

Malama, ba danginki ba ce ni. Ƙanwar kafintan nan ce, kurma, wanda kika tarar a gidan yari yana shekara ta uku a jiran shari'a. Wani ne ya ajiye masa injin ban ruwa a shago, ashe na sata ne. Aka yi ta tambayarsa yana kallon bakuna, sai aka rubuta a takardarsa cewa ya ƙi magana. Mu da ke waje ma mun sha namu ɗaurin. Maƙwabta suka daina aiko yara gidanmu, 'yarsa ta bar makaranta saboda gori. Ranar ziyara mukan zauna mu kalli juna, don ni da aka haife mu ɗaki ɗaya ban san komai a maganar hannu ba, sai "ci" da "zo".

Kin yi ritaya daga koyarwa, amma duk Alhamis kina bakin ƙofar gidan yari da jakarki, kina tambayar gandirobobi ko akwai wanda ba ya ji. Haka kika same shi.

Ba zan manta ranar kotu ba. Aka shigo da shi da ankwa, alƙali ya ce ya yi bayani. Kika miƙe, kika gyara tabaranki, kika ce, "Ranka ya daɗe, da me zai yi bayanin? Bakinsa ne kuka ɗaure." Alƙali ya ce a kwance shi. Yaya ya yi kusan awa guda yana magana, kina fassarawa ba ƙari ba ragi, har da ashar ɗin da ya auna wa mai injin. Alƙali da kansa sai da ya sunkuyar da kai yana murmushi. A zama na gaba aka sallame shi.

Da ya buɗe shago babu mai leƙowa, ke ce kika fara kawo masa aiki, benci shida na ɗakin karatun gidan yari. Kika kuma mayar masa da ɗaya, wai ƙafar bencin tana rawa.

Ni ma ban tsira ba. Kika ce, "Shekara talatin kuna gida ɗaya ba ki san abin da ke ransa ba? Ki zo Asabar." Na je. Yau ni ke fassara a kotuna biyu. Gandirobobi takwas da kika koyar suna nan suna yi, kuma mutum sha ɗaya muka ƙirga waɗanda aka saurara saboda ke.

Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki, da 'ya'yanki huɗu, da ɗalibanki na ciki da na waje. Ku ɗaga kai, uwa kuka yi abar nunawa.

Allah Ya jiƙanki, Malama, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka makwancinki. Ya ba mu haƙurin rashinki, Ya sa mu cika da imani. Amin.