Hannun Aro

Wendell Tuttle ya yi shekara talatin a gidan rediyo, amma ko tarinsa ba a taɓa ji a ciki ba. Ba mugunta aka yi masa ba. Allah ya ba shi murya irin ta tsohuwar ƙofa, har matarsa Opal kan roƙe shi ya riƙa motsa baki kawai idan ana waƙa a coci. Aikinsa a wata ƙaramar tasha ta garin Glendale a Amurka shi ne ya zauna bayan gilashi yana ɗora faifai, wani mai zaƙin baki yana kwasar yabo. Amma fa wajen hannu sai dai a sara masa. Yakan sauke allura a kan faifai ba ka ji ko ƙyas ba.

Da tashar ta sayo injin da ke juya waƙoƙi da kansa, sai aka sallami Wendell da agogon bango da musafaha. Ya dawo gida yana bin Opal daga falo zuwa kicin, har ta fara tunanin inda za ta kai shi ajiya.

Ana nan sai wani kamfanin talabijin a garin Burbank ya shirya wasan barkwanci a kan masu gabatar da kiɗa a rediyo. Jarumin wasan kyakkyawan saurayi ne mai gashi har kafaɗa, baki kamar ya kashe wuta, amma duk faifan da ya taɓa sai ya karce shi. Aka shiga neman wanda za a ari hannunsa, a nuna fuskar jarumi, in kyamara ta matso kan faifai kuma a nuna hannun wani. Wendell ya je gwaji. Kallo ɗaya darakta Mista Garber ya yi wa hannunsa ya ce an samu.

"Sai dai abu guda, Mista Tuttle. Zoben nan. Yaron namu a wasan tuzuru ne, 'yan mata yake bi kamar ƙuda. Ina shi ina zoben aure?"

Wendell ya ja, zobe ya ce bai san zancen ba. Aka kawo sabulu, aka kawo man shanu, aka naɗa zare, duk a banza. Tun ranar ɗaurin aure bai taɓa cire shi ba, yatsan ya yi ƙiba ya rungume abinsa. Mista Garber ya ce ko dai a yanke zoben, ko a nemi wani hannun.

Zoben kuwa na mahaifin Opal ne, shi kaɗai ne abin da ya bar mata. Don haka Wendell ya dawo gida da shawararsa a yanke.

"Na haƙura da aikin," ya ce.

"Ka haƙura? Haba Wendell, kai dai ka cika ban haushi. Shekara talatin ina gaya wa mutane mijina a rediyo yake, suna yi mini kallon maƙaryaciya. Yanzu za a gan ka, sai ka tsaya kana yi mini tsiya?"

"Ba ni za a gani ba, hannu ne."

"To da fuskar taka wa ya ce yana so?"

"Opal, a gaban fasto na yi alkawari."

"Da ni ka yi alkawarin ko da ƙarfe? Tafi a yanke, tsoho, ka ba ni wuri in sha iska."

Ta faɗi haka ta shige kicin, ta daɗe tana wanke tukunyar da ba ta da datti. Ranta ya ɓaci ƙwarai, shi ma ya sani. Washegari a wurin ɗaukar wasan aka datse zoben. Wendell ya juyar da kai, ya ce fitilun nan ne ke sa masa hawaye.

Wasan dai, a faɗi gaskiya, bai yi armashi ba. Dariyar da aka naɗa a kaset ta fi ta masu kallo yawa, kuma kafin sanyi ya wuce an cire shi, duniya ta manta. Amma a layin su Tuttle har yau ana ba da labarin Talatar da aka fara nuna shi.

Opal ta tara maƙwabta, ta raba kofi da kek ɗin tuffa, ta zauna tsam, fuska ba yabo ba fallasa. Tsoro take ji ta ga hannun mijinta tsirara a gaban Amurka duka, kamar bai taɓa sanin ta ba. Jarumi ya yi surutunsa, ya juya wajen faifai, sai ga hannun Wendell ya cika akwatin talabijin. An shafa wa yatsan hoda, amma zafin fitilu ya narkar da ita. Ga shatin zoben nan fari sol, zagaye da yatsa.

"Kai, sun yi sakaci," in ji Misis Delgado ta gidan kusa. "Wancan farin fa, mene ne?"

Opal ta laluba ta kamo hannun Wendell, idonta a kan akwatin.

"Ni ce," ta ce. "Ku yi shiru mana, ana nuna mu."