Ninjan da ya sa Baba ya sha fura

Shekarun baya, shekarar da sojoji suka karɓi mulki ga fari ya haɗu da mu, mahaifina ya baro ƙauye ya dawo wurina a birni, unguwar Lazaret. Shanunsa sun mutu ɗaya bayan ɗaya a gaban idonsa. Tun da ya zo sai ya yi shiru. Matata ta dama fura ta ajiye masa, haka za ta dawo ta ɗauke kwanon ko taɓawa bai yi ba. Kullum ƙara ramewa yake, ni kuwa tsoro ya kama ni.

A lokacin abokina ya rufe rumfarsa ta wasan game na tele a kasuwar Wadata, don mai neman hatsi ba ya ta wasa. Ya ba ni ajiyar wata tsohuwar na'ura da faifai ɗaya tak: wasan wani ninja mai baƙaƙen kaya, wanda aikinsa ya shiga gidan maƙiya ba tare da an gan shi ba. Ga ni ƙato da gemu, tela mai iyali, amma da kuran, wato wutar lantarki, ya dawo sai in rungumi manet, abin da ake latsawa a sarrafa wasan. Kuma ban iya ba. Da gudu nake faɗa wa masu gadi, su kashe ni, in sake.

Wata Juma'a bayan masallaci an kashe ni ya fi sau goma. Sai na ji murya a bayana.

"Kai, mi kake wa gaggawa?"

Na waiwaya. Baba ne a kan tabarmarsa. Na ma manta da cewa maharbi ne a ƙuruciyarsa.

"Iska daga ina take busowa?" ya tambaya.

"Baba, babu iska a cikin tele."

Ya yi tsaki. "Shi ya sa kuke mutuwa. To laɓe bayan katangar can. Ka bar mai gadin ya je ya dawo sau uku, ka san sawunshi tukuna."

Na laɓe. Mai gadi ya je ya dawo, ya je ya dawo. Hannuna har ƙaiƙayi yake. Da ya juya baya a karo na uku, Baba ya ce a hankali, "Yanzu." Na wuce sumul, ba wanda ya gan ni.

Baba ya yi dariya har da tari. Sannan ya dubi ƙofa ya ce wa matata, "Ɗiyata, ina furar nan? Ba a farauta da yunwa."

Ya shanye kwanon tas. Matata ta koma kicin tana share hawaye.

A baya na yi ta lallashinsa da abinci da magani, ban gane mutumin nan so yake a buƙace shi ba. Ya ƙara shekara shida tare da mu, bai taɓa riƙe manet ba, umarni kawai yake bayarwa. Har yau ina gode wa Allah, ina gode wa abokina. Da ya zo karɓar na'urarsa ya tarar da Baba yana yi mini faɗa a kan wani mai gadi, sai ya gaishe shi ya koma hannu wofi.