Baba Habila, Mai Kallon Bakinmu

Ina zaɓar doya a wani shago a garin Wheaton, nan ƙasar waje, ranar Asabar da safe, sai Mama Saraya, matar Baba Habila, ta kira ni. Ta ce, "Istifanus, Babanku ya tafi gida." Na ce, "Najeriya? Ba sallama?" Sai na gane gidan da take nufi, na mayar da doyar inda na ɗauko ta.

Baba Habila dattijo ne a ƙaramar ikilisiyarmu ta masu jin Hausa da ke Clinton. Ni kuwa na shekara uku ban ce masa komai ba, ban da "ina kwana". Ina rubuta abin da ya same ni kullum a littafi, kuma sai da na sake karanta shekarun nan kafin na zauna wannan rubutu, don kada in yi wa mamaci ƙarya, ko in yi wa kaina ado.

Kunnensa ya yi nauyi tun yana saurayi, a wurin haƙar kuza. Saboda haka bakin mutum yake kallo. In muna addu'a tare, kowa ya rufe ido, nasa a buɗe suke.

A shekarar da aka kashe ƙanena Luka a rikicin addinin da aka yi a gida Najeriya, na daina faɗin layi ɗaya cikin Addu'ar Ubangiji, inda muke roƙon gafara da alkawarin mu ma muna gafarta wa wasu. Ina tsammanin ba wanda ya sani. Wata Lahadi ya tare ni a bakin mota.

"Ɗana, bakinka yana rufewa a tsakiyar addu'a."

"Numfashi nake ja, Baba."

"Mako bakwai kana jan numfashi a wuri ɗaya? Ai matarka nas ce, ta duba ka mana."

Na ce, "Baba, ƙanenka aka yanka?"

Ya ce, "A'a. Ban ce ka yafe yau ba. Amma ba wanda yake tashi da safe ya ce ya bar Allah. Layi ɗaya mutum yake fara tsallakewa."

Abin da na rubuta ran nan shi ne: "Tsohon nan ba shi da zuciya." Na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Bayan wata biyu uwar wani maƙwabcinsa a Beltsville ta rasu, maƙwabcin sunansa Malam Isufu, Musulmi, direban tasi daga Nijar. Baba ya miƙe a cikin taron sujada na ikilisiya ya nemi masu raka shi ta'aziyya. Ba wanda ya ɗaga hannu. Ya tafi shi da Mama Saraya, da kular tuwo. Da ya dawo aka yi zama, aka cire shi daga jagorancin addu'a, wai bai damu da jinin 'yan'uwa ba. Ni na rubuta bayanin zaman. Da aka ce masu so a cire shi su ɗaga hannu, hannuna ne na uku da ya tashi.

Jiya a gidan makoki na ji waɗansunmu suna cewa, "Baba mutumin kowa ne." Ku yi mini gafara, ba za mu ci wannan yabo ba. Mun bar shi a kujerar baya shekara uku, muna juya masa ƙeya alhali mun san in bai ga baki ba, ba ya jin magana. Wanda ya riƙa kai shi asibiti da ciwo ya yi tsanani, Malam Isufu ne. Mu muna aika saƙon waya cewa muna addu'a. Ni ko saƙon ban aika ba, domin a lokacin layin nan ɗaya ya riga ya cinye sauran addu'ar. Ina zuwa sujada ne don yara. Littafina ya nuna wata goma sha huɗu ban ambaci sunan Yesu ba ko sau ɗaya, kuma ban lura ba sai wannan makon.

Yakan ce, "Zuciya tuwo ce. In ta kwana ba a ɗumama ba, da safe sai wuƙa." Muna dariya, muna cewa tsoho da zancen abinci.

Mama Saraya ta ce ya bar magana: a jana'izarsa ni zan ja Addu'ar Ubangiji, da Hausa, da ƙarfi. Na ce mata, "Mama, ban yafe ba tukuna." Ta ce, "Ya sani. Cewa ya yi ka fara da baki." Na karɓa. Har yanzu in na tuna Luka ƙirjina zafi yake yi, kuma ban san abin da zai fito ba in na iso wurin.

Ubangiji ya karɓi bawansa Habila cikin hutunsa. Ya riƙe Mama Saraya, ya ta'azantar da 'ya'ya da jikoki, na nan da na gida. Ya sāka wa Malam Isufu da alheri. Mu da muka ɗaga hannu ran nan, Ubangiji ya ji tausayinmu, kada ya bar mu mu mutu a yadda muke. Ku kuma da za ku zo jana'iza ranar Juma'a, in kun ji na tsaya, kada ku cika mini layin. Ku jira ni.