Ranar da Manaja Ya Kira Ni Infoma

Har yau idan na ji wani ya ce "ai wasa ne", sai raina ya ɓaci, ko da yara ne ke faɗa wa junansu.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin sayen hatsi a Gusau, ni ke kula da sikeli. Muna da sito a Tsafe da Bunguɗu, motoci na kai da kawo da masara da waken suya. Cikin direbobinmu akwai wani Bafulatani daga wajen Rawayya, mutum mai sanyin hali, wanda ya riga mu duka fara aiki a wurin. Da sha'anin 'yan bindiga ya tsananta, sai manaja ya fito da sabuwar doka: kowace safiya direban nan zai ajiye wayarsa a hannun maigadi, sai an tashi ya karɓa. Shi kaɗai. Sauran direbobi su wuce da nasu wayoyin suna jin waƙa. Aka hana shi hanyar Tsafe, aka bar shi yana wanke motocin da waɗanda ya koya wa tuƙi ke ja. Ba a taɓa kama shi da komai ba, laifinsa kawai shi Bafulatani ne.

Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, ni kuwa bakina ba ya iya shiru. Ana cikin haka wata mata ta zo daga hedikwatar kamfanin, ta tara mu a ƙarƙashin rumfa. Ta ce duk wanda ya ga ana nuna wa ma'aikaci bambanci saboda ƙabila ko addini, ya kai ƙara, doka ta hana a kore shi ko a rage masa matsayi don ya yi magana. Manaja na gefenta yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ni da sokoncina na yarda, na kai ƙarar manaja hedikwata a kan abin da ake yi wa direban nan.

Ba a kore ni ba, ba a taɓa matsayina ba. Manajan nan ya san dokar fiye da ni. Wata safiya na iso teburin mai shayi a bakin ƙofa, 'yan dako da direbobi sun cika benci, sai manaja ya ɗaga kofinsa yana murmushi.

"Ku matsa mashi, infoma namu ya iso."

Aka yi dariya. Shi dai a bakinsa, mai kai rahoto hedikwata yake nufi. Amma wanda ya zauna a Zamfara a shekarun nan ya san abin da kunne ke ji idan an ce infoma: mai tsegunta wa 'yan bindiga gidan da za su shiga da motar da za su tare. Kalma ce da ake binne mutum saboda ita. Manaja haifaffen nan ne, ya san nauyinta sarai, kuma ya zaɓi ya ɗora ta a kan mutumin da kowa ya san ya tsaya wa Bafulatani.

Kalmar ta hau motocinmu ta yi tafiyarta. A kasuwar Tsafe wani dillali da muka saba cin tsire tare ya amsa sallamata ba tare da ya dube ni ba. A masallacin unguwarmu na fara lura da cewa kafaɗar da ke kusa da ni a sahu tana ja da baya. Masu sayen awarar matata suka ɗauke ƙafa. Ranar da 'yata ta dawo daga Islamiyya tana kuka, wai an ce mata ɗiyar infoma, ranar na daina jin haushi kawai, na fara jin tsoro.

Na je wurin wani lauya. Ya saurare ni da kyau, ba zan zalunce shi ba. Ya ce kotun ma'aikata na iya tsaya mini idan an rama a kaina, sannan ya shiga tambaya: an sallame ka? An mayar da kai wani wuri? An rage maka wani abu? Duk na ce a'a. Ya ce to a nemo wanda zai tsaya ya ba da shaida a kan maganar teburin shayi. Na bi mutanen bencin nan ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce shi shayinsa yake sha. Ban ga laifinsu sosai ba, wa zai fito ya kare infoma a kira shi na biyu? Lauya ya ce shari'ar za ta iya yiwuwa, amma sai an yi haƙuri, tana ɗaukar lokaci. Ni kuwa a lokacin matasa sun fara tsayawa a bakin lungunmu suna nuna ƙofata.

Mai unguwa ne ya shiga tsakani. Ya dawo mini da saƙon manaja: zai zo da kansa ya wanke ni a gaban jama'a, idan na janye ƙarata. Na janye. Duk mai 'ya'ya ya faɗa mini abin da zai yi in ba haka ba.

Manaja ya zo bayan sallar La'asar cikin farar shadda, ya tsaya a ƙofar masallaci.

"Jama'a, wanga bawan Allah mutumen kirki na. Wasa nika yi mashi."

Aka yi ta sa masa albarka, wai ya yi dattako. Har aka ce in miƙa masa hannu in gode, na kuma miƙa, ina jin kamar in haɗiye zuciya in mutu.

Washegari na isa wurin aiki na tarar da direban a bakin ƙofa, yana miƙa wa maigadi wayarsa kamar kullum. Na nufe shi da niyyar in ba shi haƙuri. Ya dubi hagu da dama, ya rage murya.

"Malam, don Allah ka bar gaishe ni cikin mutane. Kana da ɗiya."

Ya ɗauki bokitinsa ya nufi wurin wankin mota, ni kuma na wuce sikeli.