Malam Nata'ala da Lissafin da Ba Ya Cikin Manhaja

Kullum da safe Malam Nata'ala kan hau kekensa daga Sabon Birni zuwa sakandaren da yake koyar da lissafi a Gwarzo. A shekarun tsuke bakin aljihu, da albashi ya daina kai wata, abokan aikinsa da yawa suka koma kasuwa. Shi bai tafi ba. Bana yake ritaya.

Akwai aikin da ba wanda ya ɗora masa. Duk hutu, tsofaffin ɗalibansa da suka shiga jami'a sukan cika zaurensa, ya koya musu yadda ake fitar da matsakaicin makin da ake auna ɗalibi da shi.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, Zinariya, 'yar wani manomi daga Garo, ta zo masa. Jami'a ta yi mata kashedi: in makinta bai tashi ba, za a sallame ta.

"Malam, kwas huɗu na ci, biyu kawai na faɗi. Me ya kawo kora?"

Ya tambaye ta nauyin kowane kwas. Huɗun da ta ci da C masu yunit ɗaiɗai ne, biyun da ta faɗi masu yunit hurhuɗu.

Ya ce, "A maki biyar ce, B huɗu, C uku, har zuwa F da ba ta da komai. Ninka makin kowane kwas da yunit ɗinsa, ki haɗa, ki raba da jimillar yunit."

Ta lissafa. Sha biyu a raba gida sha biyu, ɗaya. Ta ɗago kai ta dubi Malam.

"Ashe ƙananan na bi, na bar manyan."

"Haka ne. Kuma wannan ɗayan zai bi ki har shekarar ƙarshe. Ba ya goguwa, sai dai ki rinjaye shi."

Ta rinjaye shi. Ba ta fita da babban sakamako ba, amma ta fita, yau ita ke koyar da kimiyya a Kabo.

Malam, kai ne ka gane cewa yaron ƙauye kan faɗi ba don ƙwaƙwalwa ta gaza ba, sai don ba wanda ya gaya masa yadda ake awon. Mun gode, Allah Ya saka da alheri.

Mu kuma da muka san hanyar, kafin ƙannenmu su tafi jami'a, mu zaunar da su mu nuna musu. Kada takardar kashedi ta riga mu.